Talatar da Na Yi Musu da Mama Rut

Har gobe ba na jin zan manta da Talatar da na ɗaga wa tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya murya a gaban mutane, ni da ko ƙanwar babata ban taɓa mayar wa magana ba. Tun da ku sababbi ne a ejensin nan, wato kamfanin da ke tura mu gidaje, kuma Anti Balki ta nace sai kun ji labarin daga bakina, to ku gyara zama.

Bari in fara da yadda aikin yake, saboda waɗanda ba su riga sun shiga gida ko ɗaya ba. Mu masu kula da tsofaffi ne a gidajensu. A samanmu akwai nas, wadda muke kira sufabaiza. Ita ke fara zuwa ta duba tsohon, ta tsara abin da za a riƙa yi masa: wanka, girki, tuna masa shan magani, rakiya asibiti, hira. Lokaci-lokaci tana komawa ta sake dubawa, kuma abin da ta gani shi 'ya'yan tsohon ke dogara da shi wajen yanke shawara, ko a bar shi a gidansa, ko a mayar da shi gidan kula da tsofaffi. A horon da ake ba mu, magana ɗaya ake nanatawa: kada ka yi jayayya da wanda kake kula da shi. Ranar da aka faɗi haka a ajinmu dariya ta kusa kuɓuce mini. Ni da na tashi a Funtuwa, a gidan da ko idon babba ba a kallo, wai ni za a zaunar a koya wa rashin musu da tsoho.

Bayan annobar korona ta lafa aka tura ni gidan wata Bayahudiya mai suna Rut. Tsohuwar malamar tarihi ce a makarantar sakandare, mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya, Daniyel, yana zaune can garin Charlotte da iyalinsa. Kullum da safe nakan taso daga unguwarmu Glenwood in bi ta titin Wendover in isa ɗan gidanta na jan bulo. Ofis sun ce in riƙa kiranta Misis, amma bakina ya ƙi, sai na riƙa ce mata Mama. Ta ce ɗa guda ta haifa kuma shi ma ya ishe ta ciwon kai, amma ba ta hana ni ba. Tun makon farko ta nuna mini ɗakin da mijinta ya cika, ta ce ita ma a nan take so a zo a ɗauke ta.

Cikin abin da sufabaiza ta tsara akwai rakiya zuwa karatun Talata. A majami'arsu ana yin ajin manya da rana, yawancinsu 'yan fansho: tsofaffin likitoci, masu shaguna, malaman makaranta. Malaminsu, wanda suke kira rabai, yakan raba musu takarda mai ɗauke da wani yanki daga tsofaffin littattafansu, da harshensu a gefe ɗaya, fassarar Turanci a ɗaya gefen. Wani lokaci shari'a ce, wani lokaci tarihi, wani lokaci asalin wata al'ada. Sai su rabu biyu-biyu, kowa da abokin karatunsa. Wannan zaman biyu-biyun suke ce wa habruta, kuma wasu sun shekara da shekaru da abokinsu ɗaya.

Abokiyar Mama Rut wata 'yar siririyar tsohuwa ce mai suna Esta. Ranar da na fara kai ta, ina zaune a bayan aji da jakar magani, sai na ji ɗakin ya kaure da hayaniya. Mama Rut na dukan tebur, Esta na nuna mata yatsa tana cewa ba ta fahimci komai ba. Na miƙe da sauri na jawo keken da Mama Rut take dogarawa, na ce yau kam zan raba faɗan tsofaffi kafin hawan jini ya kayar da wata. Rabai ya tare ni yana murmushi, ya ce in zauna, karatu suke yi. Da aka tashi kuwa suka fito riƙe da hannun juna, Esta tana tambayarta ko ta gwada miyar da ta aiko mata.

Cikin hunturun shekara ta biyu Esta ta rasu. Daga nan Mama Rut ta yi shiru. In na kawo abinci ta tsakura ta ture. In na tambaye ta wane kaya za ta sa, ta ɗaga kafaɗa. Ban fasa kai ta karatun Talata ba, kuma rabai ya yi ta haɗa ta da wasu, amma kowa lallaɓa ta yake saboda rashin da ta yi, ita kuma sai ta zura wa taga ido har a tashi.

Daniyel ya zo ƙarshen mako ya yi ta jan ta da hira, ba ta ce masa uffan ba. Ya tsorata, ya ɗauka ƙwaƙwalwarta ce ta fara tafiya. Ban ga laifinsa ba, don ni kaina da nake wuni da ita na fara tunanin haka. Ya kira sufabaiza ya ce ya samo wa mahaifiyarsa wuri a wani gidan tsofaffi kusa da shi. Aka tsayar cewa nas za ta sake duba ta a ƙarshen wata, in an same ta yadda take, za a rufe gidan jan bulo a tafi da ita. Da aka gaya mata, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

A wannan tsakanin ne rabai ya tsayar da ni a bakin ƙofar aji.

"Hadiza, za ki iya zama abokiyar karatunta?"

Na ce, "Malam, ni Musulma ce, kuma ban san komai a littattafanku ba."

Ya ce, "Na san ke Musulma ce, ina ganinki kina salla a ɗakin ajiyar kujeru. Ba addini za ki canza ba, kuma ba sani nake nema ba. Ke kaɗai ce ba ta kawar wa kai in kin yi magana."

Na kira sufabaiza, ta ce hira da rakiya suna cikin aikina, in dai ba wa'azi zan yi mata ba. Da na koma gida na gaya wa maigidana, ya ce ba ibada aka ce in yi ba, sauraron abin da mutanen Littafi suka rubuta ne, in dai zai taimaki baiwar Allah in je.

Talata ta zo na zauna a kujerar Esta. Mama Rut ta karanta takardar a hankali, ta faɗi ra'ayinta cikin ƙaramar murya. Na ce, "Haka ne, Mama." Ta ƙara wata magana, na ce, "Gaskiya ne, Mama." A raina ina ganin na iya aiki, tunda ga shi har ta yi magana. Mako na biyu ta faɗi abu, na ce haka ne. Ta ɗan kalle ni, ta faɗi kishiyarsa sak, na sake cewa haka ne. Sai ta ninke takardar.

"Kai ni gida, Hadiza. Gara in zauna da kujerar babu kowa, ita ba ta yi mini ƙarya."

Maganar ta yi mini zafi. Ina raka ta zuwa mota rabai ya biyo ni ya ce in tsaya. Ya ce a wurinsu, in abokin karatunka ya yarda da duk abin da ka faɗa, kamar ya ce maka maganarka ba ta kai a auna ta ba. Girmamawar ita ce ka nemi inda hujjarsa ta yi rauni ka danna, don ya tashi ya gyara ta. Na ce masa a wurinmu yaron da ya yi wa tsohuwa haka, har kakarsa sai an zaga.

Da yamma na biya wa Anti Balki a shagon kayan miya na Gate City, inda muka saba haɗuwa, na zayyana mata komai. Kun san ta da bakin Maraɗi mai surkin Faransanci.

"Bon, to ki yi musun mana. Ke da kike cika mu da gardama a kan shif, rabon lokutan aiki?"

"Anti, sa'ar kakata ce fa."

"Wallahi in kika ci gaba da wannan ladabin naki, da ladabi za ki raka ta har mota a kai ta Charlotte."

Na ji maganar, amma ji daban, iyawa daban. Na kwana ina shirya yadda zan ce mata a'a, da safe kuma na ji harshena ya yi nauyi.

Talatar ƙarshe kafin zuwan nas, darasin ya faɗo a kan haƙƙin iyaye. Takardar ta kawo saɓanin wasu malamansu biyu na zamanin da. Na farko yana ganin idan hankalin uwa ko uba ya gushe har ɗa ya kasa ɗauka, yana iya damƙa su ga wasu su kula da su yadda ya kamata, shi ya tafi. Na biyu ya ƙi, yana ganin in ɗan da aka haifa ya tafi, wa ake sa ran zai tsaya. Rabai ya ce kowa ya zaɓi ɓangare.

Mama Rut ta karanta, ta ajiye gilashinta, ta ce ba ta ga abin tattaunawa ba. Na biyun ne da gaskiya. Duk ɗan da ya miƙa uwarsa ga baƙi ya jefar da ita ne, ko da wane suna ya kira abin. Irin waɗannan 'ya'yan, in ji ta, ba sa ma tunawa da uwar sai waya ta yi ƙara.

Ba ta sani ba, domin ban taɓa gaya mata ba, Innata tana kwance a Funtuwa da shanyewar ɓarin jiki, matar yayana ce ke juya ta, ni kuwa ina nan ina yi wa uwar wani wanka. Na buɗe baki zan ce haka ne, sai na ji wata magana daban ta fito.

"Ba haka ba ne, Mama."

Ta juyo gaba ɗaya. "Me kika ce?"

"Na ce ba haka ba ne. Baƙin da kike faɗa, ai ni ce. Na taɓa barin ki da yunwa? Na taɓa barin ki cikin ƙazanta? Wanda ya nemo ni ya kawo miki, jefar da ke ya yi?"

"Aikinki ne. Ba da ke nake ba, da 'ya'ya nake."

"To ni ma 'ya ce. Uwata tana can, wata ce ke ɗaga ta tana kwantarwa. Kina nufin na jefar da ita? Kin san sau nawa nake duba waya a wuni? Kin san yadda gabana ke faɗuwa in na ga lambar gida? Kina zaune a nan kina yanke wa mutane hukunci, ba ki taɓa zama ɗan da ya tafi ba."

Sai da na rufe baki na lura muryata ta kai ƙarshen ɗakin. Na ce shi ke nan, na karya dokar ejensi, na karya ta gidanmu, duk a zama ɗaya.

Mama Rut ta mayar da gilashinta. Ta jawo takardar gabanta, ta dangwala yatsa a kan wani layi, ta daki tebur.

"Hujjarki ta motsin rai ce, ba ta karatu ba. Duba nan. Cewa ya yi a kula da su yadda ya kamata. Wa zai tabbatar an yi yadda ya kamata in ɗan yana wata duniya?"

Na ce ai bai ce ɗan ya toshe kunnensa ba. Ta ce bai kuma ce ya buɗe ba. Na ce akwai ɗan da in ya tsaya, da shi da uwar duk za su nutse. Ta ce wannan uzurin kowane malalaci ne. Na ce ta faɗa mini malalacin da ke tashi tun asuba ya yi shif biyu. Haka muka yi ta yi, ita da tarihi da misalai, ni da abin da na gani da idona. Fuskarta ta yi ja, tana yi tana cin biskit ɗin da na wuni ina roƙonta ta taɓa. Tsofaffin da ke teburin kusa suka bar nasu karatun suna kallonmu.

Ana cikin haka rabai ya tafa hannu ya ce a yi musanya. Wannan ma wata hanyarsa ce: in musu ya yi nisa, kowa ya bar ɓangarensa ya kare na abokinsa, kuma ya kare shi da gaske. Wato ni zan tsaya a kan cewa ɗa ba ya tafiya, ita kuma ta kare ɗan da ya tafi.

Ban taɓa yin abu mai wuya irin wannan a aiki ba. Na fara kawo hujjojin da nake guje wa a zuciyata tun ranar da na hau jirgi: cewa hannun 'ya daban yake da na kowa, cewa uwa ba ta ba wa wani goyonka ba lokacin da kake damunta. Ina faɗa hawaye na zuba, kuma ban tsaya ba, don na ga ba za ta yafe mini ba in na sassauta.

Ita kuwa ta gyara zama kamar tana gaban ɗalibai. Ta ce ɗan da ya tafi ba hutawa yake ba, yana ɗauke da uwar duk inda ya shiga. Ta ce tsoro ne ke sa shi neman wurin da za a sa mata ido dare da rana, ba gajiya da ita ba. Ta ce malamin farko ya fi tausayi, don ya san akwai abin da ɗa ba zai iya gani a jikin uwarsa ya kwana lafiya ba. Sannan ta ɗaga yatsa ta ce, amma a lura, izinin da ya bayar na damƙa ta ga masu kula ne, bai ce a tumɓuke ta daga inda take ba, masu kula suna da ƙafa, suna iya zuwa.

Ban san tun yaushe Daniyel yake tsaye a bakin ƙofa ba. Ya zo ne ya ɗauke ta bayan aji ya kai ta ta ga sabon wurin. Da na ɗaga kai na gan shi, makullin mota a hannu, yana kallona yana kallon uwarsa. Ita ma ta gan shi.

"Daniyel, ka tsare wa mutane hanya. Jawo kujera. Wane ɓangare kake?"

Ya ce, "Mama, ke ce kike magana haka?"

"Da wa kake zato? Zauna. Hadiza ta fara gajiya, kuma hujjarta ta biyu ba ta da ƙafa."

Ya zauna. Rabai ya miƙa masa takarda. Har aka tashi uwar tana kare shi, shi kuma, da ya rasa ɓangaren da ya rage, ya koma yana taya ni cewa ɗa ba ya barin uwarsa.

A wurin ajiye motoci Daniyel ya ce in ɗan tsaya. Na riga na shirya jin cewa zai kai ƙarata ofis. Sai ya ce rabon da ya ji uwarsa ta ce masa bai iya tunani ba tun kafin rasuwar Esta, kuma bai san ya yi kewar abin ba sai yau. Ya tambaye ni ko zan iya ƙara awannin aiki, in aka samo wata ta riƙa kwana. Ba su je ganin wurin ba ranar.

Ni da kaina na kira sufabaiza na gaya mata na yi jayayya da wadda nake kula da ita, har da ɗaga murya. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce za ta gani da idonta. Ranar dubawa ta zo da tambayoyinta na gwada ƙwaƙwalwa, Mama Rut ta amsa su, sannan ta shiga nuna mata cewa tambayoyin ba su da tsari. Nas ta fito tana dariya, ta ce mini wannan ba inda za ta.

Mama Rut ta ci gaba da zama a gidanta, ni kuma na ci gaba da zama a kujerar Esta duk Talata. A wurin tsofaffin nan na koyi tarihin da ban taɓa ji ba, na ji yadda kakanninsu suka yi ta ƙaura daga ƙasa zuwa ƙasa da littattafansu a ka, su ma suka yi ta tambayata yadda muke karatu a zaure. Ba wanda ya taɓa neman in bar addinina, ni ma ban nemi kowa ya bar nasa ba. Ina gode wa Allah da ya kai ni gidan nan, ina gode wa rabai da ya ga abin da ban gani ba, ina kuma gode wa matar da ta ɗauke ni a bakin wadda ta isa a yi musu da ita.

Bara ta rasu, a gidanta, Daniyel na riƙe da hannunta. Na je zaman makokin da suke yi na mako guda. Da zan tafi ya raka ni ƙofa, ya ce ta bar mini saƙo: wai in sani har yanzu ba ta yarda da hujjata ta biyu ba. Na yi dariya a gabansa, na shiga mota na yi kuka.

Dokar da aka koya muku tana nan, kuma mai kyau ce. Tsohon da hankalinsa ya rikice, musu azaba ce gare shi, ku bi shi a hankali. Amma ba kowane shiru ne ciwo ba. Wani tsohon ya yi shiru ne don kowa ya koma lallaɓa shi, ba mai ɗaukar maganarsa da nauyin da zai ce masa bai yi daidai ba. Mu da aka rena da sunkuyar da kai mun fi kowa saurin yi wa mutum haka, muna ganin ladabi muke yi. In kun shiga gida, bayan kun koyi maganinsa da abincinsa, ku nemi sanin yadda mutanensa suke girmama juna, ku girmama shi ta wannan hanyar, ko da ta yi muku nauyi a baki.